Maganin Ƙarancin Jini ga Manya Masu Shanyewar Ɓarin Jiki: Bayani ga Ma'aikatan Lafiya da Masu Jinya a Gundumar Gure

Gabatarwa

Shanyewar ɓarin jiki tana daga cikin manyan cututtukan da ke kashe manya ko su bar su da naƙasa a Afirka ta Yamma. Idan aka kawo majinyaci asibiti bakinsa a karkace, hannu da ƙafa sun saki, hankalin kowa yakan koma kan awon hawan jini da na sukari, kuma hakan daidai ne. Akwai awo na uku da ake yawan bari sai daga baya, wato awon yawan jinin da ke jikinsa. Majinyacin da ya haɗa shanyewar ɓarin jiki da ƙarancin jini ya fi shiga haɗarin mutuwa, kuma samun sauƙinsa ya fi jinkiri.

An shirya wannan bayani domin ma'aikatan lafiya da iyalan da ke jinya a gundumar Gure ta jihar Damagaram, a Jamhuriyar Nijar. Saƙonsa shi ne: a auna jinin majinyaci tun ranar farko, a binciko abin da ya rage shi, sannan a ɗaga shi bisa ma'auni. Hukuncin ƙarshe kan kowane majinyaci yana hannun likitan da ya duba shi.

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce

Iri na farko yana faruwa ne idan gudan jini ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, jini ya kasa kaiwa sashen da take ciyarwa. Iri na biyu kuwa jijiyar ce ke fashewa, jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Wannan bayani ya shafi iri na farko ne, wato na toshewa, wanda shi ya fi yawa. Binciken SIREN da aka gudanar a asibitocin Gana da Najeriya, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya gano cewa kimanin 68 cikin 100 na majinyatan toshewa ce ta same su, 32 kuma fashewa. Ya kuma nuna cewa hawan jini shi ne babban sanadi.

Alamomin iri biyun kusan ɗaya ne: karkacewar baki, sakin hannu ko ƙafa a ɓangare ɗaya, sarƙewar magana, da gushewar gani farat ɗaya. Hoton ƙwaƙwalwa da na'urar sikana ke ɗauka shi ne ke bambanta su da tabbaci. Bambancin yana da muhimmanci ƙwarai, domin asfirin da ke amfanar mai toshewa yana iya ƙara wa mai fashewa zubar jini.

Mene ne ƙarancin jini?

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadarin hemogulobin, wanda ke ɗaukar iskar oksijin daga huhu ya kai ta ko'ina a jiki. Ana auna shi da giram a cikin desilita ɗaya ta jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Bisa ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya:

• Namiji baligi yana da ƙarancin jini idan awonsa bai kai giram 13 ba.
• Mace baliga marar ciki, idan bai kai giram 12 ba.
• Daga giram 8 zuwa 10.9 matsakaicin ƙaranci ne.
• Ƙasa da giram 8 ƙaranci ne mai tsanani.

Alamominsa sun haɗa da kasala, haki, jiri, bugun zuciya da sauri, da farin tafin hannu, harshe da cikin fatar ido. Wasu sukan ji kwaɗayin cin farar ƙasa. Mai shanyewar ɓarin jiki sau da yawa ba ya iya faɗin abin da yake ji, kuma kasalarsa akan ɗora ta a kan shanyewar. Saboda haka duban ido kaɗai ba ya wadatarwa, sai an auna.

Me ya sa haɗuwar cututtukan biyu take da haɗari?

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na oksijin ɗin da jiki ke amfani da shi. Idan jijiya ta toshe, tsakiyar wurin yakan mutu cikin mintoci. A kewayensa akwai wani yanki da ke samun ɗan jini ta ƙananan jijiyoyin maƙwabta. Bai mutu ba, amma yana bakin mutuwa. Ceton wannan yanki shi ne babban aikin kwanakin farko. Idan ɗan jinin da ke kaiwa can ba ya ɗauke da isasshen oksijin, yankin yakan mutu, naƙasar ta ƙaru.

Ƙarancin jini yana kuma tilasta wa zuciya yin aiki fiye da ƙima, alhali yawancin waɗannan majinyata hawan jini ya riga ya gajiyar da zuciyarsu. Rashin sinadarin ƙarfe kuma yakan sa ƙwayoyin da ke daskarar da jini su yi yawa, abin da ke iya taimaka wa samuwar gudan jini.

Wani nazari da aka buga a 2016 a mujallar Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Amurka ya duba majinyata sama da 8,000 a Ingila. Kusan ɗaya cikin huɗu yana da ƙarancin jini a ranar da aka kwantar da shi. Da aka haɗa sakamakon da na sauran bincike, an ga cewa haɗarin mutuwar mai toshewar jijiya da ƙarancin jini ya kusa ninka na wanda jininsa ya cika. Wani ɓangare na wannan haɗari yana zuwa ne daga cutar da ta rage jinin tun farko, kamar ciwon ƙoda ko gyambon ciki, shi ya sa binciko sanadin ya zama wajibi.

Jini mai yawa fiye da ƙima shi ma yana da illa, domin yana yin kauri, ya kasa ratsa ƙananan jijiyoyi. Abin da ake nema shi ne matsakaici.

Abubuwan da ke rage jinin manya a yankin Gure

Ƙarancin jini ya zama ruwan dare a Nijar. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2012 ya nuna cewa kimanin mata 46 cikin 100 masu shekara 15 zuwa 49 suna fama da shi. Ga babban mutum a wannan yanki, ya kamata a yi tunanin waɗannan dalilai:

1. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci. Fura da nono da tuwon gero su ne abincin yau da kullum na manoma da makiyaya. Nono ba shi da ƙarfe sosai, wanda ke cikin gero kuma jiki ba ya iya tsotse shi duka. Lamarin yakan tsananta daga bazara zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa.
2. Zubar jini a ɓoye daga ciki ko hanji. Gyambon ciki, basir, ciwon daji, da yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak da ake saye a hannun masu talla, duk suna jawo shi.
3. Zazzaɓin cizon sauro, musamman a damina da farkon kaka.
4. Tsutsar ciki mai shan jini, da tsargiya ga masu shiga tafkuna da ruwan kwance.
5. Yawan jinin haila, ƙarin mahaifa, da haihuwa kusa da kusa.
6. Ciwon ƙoda, wanda hawan jini da ciwon sukari ke haddasawa. Ƙoda ce ke samar da sinadarin da ke umartar ɓargo ya ƙera jini.
7. Cututtuka masu daɗewa kamar tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki.
8. Cutar sikila, wadda a Nijar aka fi sani da emasi.
9. Ƙarancin folik asid ko bitamin B12. Mai ciwon sukari da ya daɗe yana shan metfomin yana iya rasa B12.

Majinyaci ɗaya yana iya haɗa dalilai biyu ko uku. A lura: ƙarancin ƙarfe ga namiji, ko ga macen da ta daina haila, ana ɗaukarsa a matsayin zubar jini daga ciki har sai an tabbatar ba haka ba ne.

Abin da za a yi a ranar farko

A gida da kan hanya

• A riƙe lokacin da alamomin suka fara, a faɗa wa ma'aikacin lafiya. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, tana aiki ne cikin awa 4 da rabi na farko.
• A kwantar da majinyaci a gefensa. Kada a ɗura masa komai a baki, ko ruwa, ko jiƙo, ko rubutu, domin maƙogwaronsa yana iya kasa haɗiya, abin ya gangara huhu.
• A tafi asibiti nan take. Addu'a ana yin ta a kan hanya da gefen gado.
• A tafi da dukkan magungunan da yake sha, tare da 'yan uwa biyu ko uku masu lafiya da za su iya ba da jini idan an buƙata.

A cibiyar lafiya ta CSI da asibitin gunduma

Majinyacin da ya fito daga Kelle, Bune, Gidigir ko Gamu yakan fara tsayawa a cibiyar CSI kafin ya iso asibitin gunduma na Gure. Daga Gure zuwa babban asibitin ƙasa na Damagaram, inda ake tura masu buƙatar hoton ƙwaƙwalwa, tafiyar kimanin kilomita 160 ce. Saboda wannan nisa, abin da aka yi kafin motar asibiti ta tashi yana da tasiri sosai:

• A auna hemogulobin, sukari, hawan jini, zafin jiki da oksijin. A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro na nan take.
• A ɗebi jinin gwaji kafin a yi ƙarin jini, domin jinin da aka ƙara yana ɓata sakamakon. A duba girman ƙwayoyin jini, rukunin jini, aikin ƙoda, da gwajin sikila ga matashi ko wanda ake da cutar a danginsu. Inda ake auna feritin, wato ma'ajiyar ƙarfe ta jiki, ƙasa da maikirogiram 15 a lita yana tabbatar da ƙarancin ƙarfe.
• A tambayi iyali ko an ga baƙin bayan gida, aman jini, ko fitsarin jini.
• A ba da oksijin idan awonsa bai wuce 94 cikin 100 ba.
• Kada a yi gaggawar sauke hawan jini. Ga mai toshewar jijiya da ba za a yi wa allurar narkar da guda ba, akan bar shi a kwanakin farko sai idan ya haura 220 bisa 120 ko akwai wata matsala ta zuciya. Sauke shi farat ɗaya ga mai ƙarancin jini yana ƙara hana ƙwaƙwalwa oksijin.
• A gwada haɗiyarsa da ƙaramin cokali na ruwa kafin a ba shi abinci ko ƙwaya.
• A rubuta awon hemogulobin da lokacin da aka yi shi a takardar turawa.

Yaushe ake ƙarin jini?

Tun bayan wani babban gwaji da aka yi a Kanada a 1999, asibitocin duniya sun koma ga taƙaita ƙarin jini, domin an ga yawaita shi ba ya ƙara ceton rai ga yawancin majinyata. Shawarar masana ƙarin jini ta Amurka ta 2023 ta sa iyaka a giram 7 ga majinyacin da yanayinsa ya daidaita, da giram 8 ga mai ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini.

A 2024 an buga sakamakon gwajin TRAIN, wanda aka yi a ɗakunan kulawa ta musamman na ƙasashe da dama kan masu rauni ko zubar jini a ƙwaƙwalwa. Waɗanda aka ƙara wa jini tun daga giram 9 sun ɗan fi samun sauƙi: kimanin 63 cikin 100 ne suka mutu ko suka naƙasa sosai bayan wata 6, a kan 73 cikin 100 na waɗanda aka jira sai sun sauka ƙasa da giram 7. Gwajin bai ƙunshi masu toshewar jijiya ba, amma ya nuna cewa ƙwaƙwalwar da ta ji rauni ba ta jure ƙarancin jini kamar sauran gaɓoɓi. A aikace:

• Ƙasa da giram 7: a ƙara jini.
• Giram 7 zuwa 8: likitoci da yawa suna ƙarawa a kwanakin farko, musamman idan akwai ciwon zuciya, haki, ko alamomin shanyewar suna ƙaruwa.
• Giram 8 zuwa 10: galibi maganin sanadi ya isa, sai idan jini yana ci gaba da zuba.
• Sama da giram 10: ba a ƙarin jini.

Leda ɗaya ta jini tana ɗaga awon babban mutum da kimanin giram 1. A ƙara leda ɗaya, a sake aunawa, sannan a yanke shawara kan ta biyu. A sa jinin ya shiga a hankali, amma kada leda ta wuce awa 4. Tsoho mai hawan jini yana iya tara ruwa a huhu, don haka likita yakan haɗa da furosemid. A tsaya kusa da majinyaci a minti 15 na farko. Idan aka ga zazzaɓi, rawar sanyi, ƙaiƙayi ko haki, a tsayar da jinin a kira likita. Wajibi ne a tantance kowace leda daga cuta mai karya garkuwar jiki, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, ko da jinin ɗan uwa ne na jini.

Majinyaci mai cutar sikila

Wannan majinyaci dokarsa daban ce. Jajayen ƙwayoyinsa suna rayuwa kwana 10 zuwa 20 ne kawai, maimakon kwana 120, kuma su ne ke toshe jijiyar. A gare shi ƙarin jini shi ne maganin gaggawa na shanyewar kanta, kuma ana so a fara shi cikin awa 2 da isowarsa. Idan awonsa bai kai giram 8.5 ba, akan yi ƙarin jini na yau da kullum, a kula kada ya wuce giram 10. Idan ya fi haka, musanyar jini ake yi, wato a cire nasa a mayar da na lafiya har jinin sikila ya sauka ƙasa da 30 cikin 100. Wannan aikin babban asibiti ne. Bayan sallama yana buƙatar kulawar ƙwararru. Akwai cibiyar ƙasa ta masu wannan cuta a Yamai. Gwaje-gwajen da aka yi kan yara a asibitocin Kano sun nuna amfanin maganin haidiroksiyuriya wajen rage shanyewa a inda ƙarin jini na kowane wata yake da wuya. Kada a ba mai sikila ƙwayar ƙarfe sai gwaji ya nuna yana buƙata, domin ƙarfe yakan taru a jikin wanda aka sha ƙara wa jini.

Ƙwayar ƙarfe da maganin sanadi

Idan ƙarancin ƙarfe ne, ƙwayar ƙarfe da folik asid da ake samu a cibiyoyin lafiya, mai miligiram 60 na ƙarfe, ta wadatar. Ƙwaya ɗaya a rana ta isa ga yawancin manya. Idan tana damun ciki, a sha rana ɗaya a tsallake ɗaya. Wanda ba ya iya haɗiya akan ba shi na ruwa ta robar hanci.

• A sake awo bayan mako 3 zuwa 4. Ana sa ran ƙaruwar kusan giram 2. Idan bai tashi ba, ko dai ba a shan maganin, ko jini yana zuba, ko sanadin wani ne daban.
• A ci gaba da sha har wata 3 bayan awo ya daidaita, don ma'ajiyar jiki ta cika.
• Ƙarfen da ake sawa ta jijiya na wanda ƙwaya ta gagara ne, kuma ba a yin sa lokacin da majinyaci ke cikin zazzaɓi.
• A yi maganin zazzaɓin cizon sauro idan gwaji ya nuna shi. Tsutsar ciki ana ba da albendazol miligiram 400 sau ɗaya. Tsargiya kuma farazikwantel miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki.
• Idan ƙwayoyin jini manya ne, a yi tunanin B12. Folik asid shi kaɗai yana iya gyara awon jini ya bar jijiyoyin laka suna lalacewa.

Allurar eritiropoyetin, mai sa ɓargo ƙera jini, ba maganin shanyewa ba ce. A wani gwaji da aka yi a Jamus, wanda aka buga a 2009, mutuwa ta fi yawa cikin waɗanda aka yi wa ita, kimanin 16 cikin 100 a kan 9. Likitan ƙoda ne kaɗai zai rubuta ta, ga mai ciwon ƙoda.

Asfirin da zubar jini

Bayan hoto ya nuna babu fashewa, akan fara asfirin cikin awa 24 zuwa 48, sannan a ci gaba da miligiram 75 zuwa 100 kullum don hana shanyewa ta biyu. Maganin yana iya sa gyambon ciki ya zubar da jini. Saboda haka mai ƙarancin jini ko tarihin gyambo yana buƙatar maganin kare ciki irin omefirazol tare da shi. Idan kulofidogirel yake sha, fantofirazol ya fi dacewa. Ƙarancin jini marar tsanani ba dalilin hana asfirin ba ne. Idan jini yana zuba, likita zai dakatar da shi ya mayar da zarar zubar ta tsaya. Kada iyali su daina ba da shi don raɗin kansu.

Ƙwayar ƙarfe tana mayar da bayan gida baƙi, kuma wannan ba illa ba ce. Bayan gida mai jini kuwa baƙi ne wuluk, mai danƙo kamar kwalta, mai tsananin wari. Wanda ya ga irin wannan ya kai majinyaci asibiti a ranar.

Abubuwan da za a guje wa

• Ƙaho da tsaga. Suna fitar da jinin da majinyaci ke buƙata, kuma jinin mai shan asfirin ba ya saurin tsayawa.
• Magungunan ciwon jiki na masu talla. Farasitamol ya fi aminci.
• Shayi tare da abinci ko ƙwayar ƙarfe. A bar tazarar awa ɗaya ko biyu, domin shayi yana hana jiki tsotse ƙarfe. Haka ma nono a lokacin shan ƙwayar.
• Yawan kanwa, gishiri da dunƙulen miya. Kanwar da ake haƙowa a kwarurukan yankin tana ɗauke da sinadarin da ke cikin gishiri, mai tayar da hawan jini.
• Dogaro da zoɓo ko lemon kwalba mai ja a matsayin maganin ƙarin jini. Jan launi ba jini ba ne.

Abinci a gida

Hanta, nama, kifi da fara suna ba da ƙarfen da jiki ya fi saurin ɗauka. Wake, zogale, rama, yakuwa da kuka su ma suna taimakawa, musamman idan an haɗa da lemon tsami, tumatir ko gwaiba. Jiƙa gero ko barinsa ya yi tsami kafin a dafa yana sa ƙarfensa ya fi shiga jiki. Geron Chakti, wanda aka fitar wa manoman Nijar a 2018, ya fi geron gida yawan ƙarfe. Ga mai wahalar haɗiya, a dama abinci ya yi kauri da laushi, a zaunar da shi sosai, a ba shi kaɗan-kaɗan. Abinci yana hana ƙarancin jini dawowa, amma ba ya maye gurbin ƙwaya ga wanda jininsa ya riga ya yi ƙasa. Majinyacin da jininsa ya dawo ya fi samun ƙarfin motsa gaɓoɓi da koyon tafiya.

A koma asibiti da gaggawa idan aka ga

• aman jini ko bayan gida mai kama da kwalta;
• haki, ciwon ƙirji ko suma;
• sabon sakin gaɓa, sarƙewar magana ko barci marar farkawa;
• zazzaɓi, ko tari a lokacin cin abinci.

Gudummawar al'umma

Jinin da ke ajiye a asibiti ya fi ceton rai a kan wanda za a fara nema bayan majinyaci ya iso. Mai lafiya da ya kai shekara 18, mai nauyin kilo 50 ko fiye, yana iya ba da jini. Namiji duk bayan wata 3, mace duk bayan wata 4. Sarakuna, limamai, ƙungiyoyin mata da na matasa za su iya shirya ranakun ba da jini tare da asibitin gunduma, misali a ranar 14 ga Yuni, ranar masu ba da jini ta duniya. Kwamitin lafiya na ƙauye kuma ya tanadi lambar motar asibiti da asusun sufuri tun kafin buƙata ta taso. Duk wanda ke da hawan jini, ciwon sukari ko ciwon ƙoda, ya nemi a auna masa hemogulobin aƙalla sau ɗaya a shekara tare da sauran awonsa.